Ɗakin Da Ba A Kai Manyan Baƙi

Duk lokacin da wani babban mutum ya ziyarci asibitin koyarwa a ƙasar nan, an san wuraren da za a zaga da shi. Za a nuna masa sabon ɗakin tiyata, da injin ɗaukar hoton cikin jiki, in kuwa akwai injin gashin ciwon daji to nan ne za a fi daɗewa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hotuna, a tafa. Amma akwai wani ɗaki da ba safai akan kai baƙi ba, galibi can ƙarshen baranda kusa da mutuware, inda warin fomalin ke sa ido hawaye. A cikinsa ne ake yanyanka ɗan naman da aka ciro daga jikin majiyyaci, a rina shi, a ɗora ƙarƙashin madubin likita, sa'an nan a faɗi sunan cutarsa. Mu dai a ganinmu wannan ɗaki shi ya fi cancantar kuɗin jama'a da hazaƙar ɗalibanmu cikin yaƙin da ake cewa ana yi da ciwon daji. Hujjarmu kuwa za mu ɗauko ta ne daga wani reshen ilmi wanda ya bunƙasa cikin shekara 30 ɗin nan, watau ilmin furotin masu sarrafa kuromatin. Muna roƙon 'yan'uwa na sashen shari'a da na mulki da na harsuna kada baƙuwar kalma ta kore su, domin maganar za ta ƙare ne a kan teburin kasafin kuɗi, inda da yawansu za su zauna nan ba da daɗewa ba.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren gado da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umurnin gina jiki duka. Da za a warware zaren ƙwaya ɗaya tak a miƙe shi, tsawonsa zai kai wajen mita 2, alhali faɗin cibiyar da aka cusa shi ciki bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Dabarar ita ce naɗi. Kamar yadda masaƙi ke naɗe zarensa a jikin kwarkwaro, haka nan zaren gado yake nannaɗe a jikin wasu ƙulle-ƙullen furotin da ake kira histon: histon 8 ne ke haɗuwa su yi ƙulli guda, harafin gado 147 kuma su kewaye shi. Zaren da histon ɗinsa su ne kuromatin. Wani Bajamushe, Walther Flemming, shi ya raɗa masa wannan suna wajen 1880 daga kalmar Girkanci mai nufin launi, don ya ga abin yana shan rini ƙwarai. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana yadda ƙullin yake, a 1997 kuma Karolin Luger da Timothy Richmond suka fito da cikakkiyar siffarsa a birnin Zurik.

To, ga inda maganar take. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk zaren gado iri ɗaya gare su, harafi da harafi. Abin da ya bambanta su shi ne wane sashe na zaren aka buɗe ana karantawa, wane sashe kuma aka naɗe tamau aka ajiye. Wanda ya taɓa aiki a sakatariya ya san wannan hali sarai. Doka na nan a rubuce cikin fayil, amma in akawun rajista bai fito da fayil ɗin ba, tamkar ba a taɓa rubuta ta ba ne. In kuwa ya fito da wani tsohon fayil da aka rufe tuntuni ya aza a kan teburin mai gida, sai a zartar da abin da lokacinsa ya wuce. Cibiyar ƙwayar jiki ita ma tana da nata akawunan. Waɗansu aikinsu buga hatimi ne a jikin histon, hatimin buɗewa ko na rufewa. Waɗansu goge hatimin suke yi, waɗansu kuma karanta shi. Akwai kuma ƙarfafa, masu ture ƙullin histon gefe guda don a sami hanyar karanta abin da ke ƙarƙashinsa. Tun 1964 Vincent Allfrey ya hango cewa hatiman nan suna da hannu wajen karatun gado, amma sai a 1996 David Allis ya kama furotin na farko mai buga irin wannan hatimi, Stuart Schreiber kuma ya kama mai goge shi cikin shekarar.

Mafi shahara cikin ƙarfafan nan wata ƙungiyar furotin ce mai suna SWI/SNF. Abin mamaki, ba a asibiti aka gano ta ba. A jikin yisti ne, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi, masu bincike suka fara cin karo da ita a 1984, sa'ad da suke neman dalilin da ya sa wani yisti ya kasa cin sukari. Muna faɗin wannan ne don masu yi wa 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar rayuwa dariya, suna tambayar amfanin zama ana kallon abin da ba ya ciyar da kowa. Shekara 14 bayan haka, watau a 1998, ƙungiyar Olivier Delattre a Cibiyar Curie da ke Faris ta nuna cewa wani mugun ciwon daji na jarirai, wanda ake kira rabdoid, yana tasowa ne idan ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar nan, mai suna SMARCB1 ko INI1, ya ɓace. Da aka karance zaren gadon irin wannan ƙari kakaf daga baya, sai aka tarar kusan babu wata ɓarna a cikinsa sai wannan guda. Da ma abin da aka saba ji shi ne ciwon daji tarin kurakuran rubutu ne da kan taru cikin shekaru masu yawa. Ga shi kuwa an sami ciwon da ke kashe yaro kafin a yaye shi, rubutunsa kusan lafiya lau, akawu ɗaya ne kawai ya bar aiki. Ƙwayar da ya kamata ta girma ta zama ƙoda ko ƙwaƙwalwa sai ta kasa buɗe fayilolin girma, ta tsaya a ƙuruciyarta tana ta hayayyafa.

Da farko an ɗauka wannan baƙon al'amari ne na wata cuta wadda ba ta da yawa. Shekarun da suka biyo baya sun warware wannan zato. A 2010 aka ga furotin ARID1A ya lalace cikin wajen rabin masu wani nau'in ciwon dajin ƙwan mace. A 2011 aka sami PBRM1 a lalace cikin kimanin kashi 40 bisa 100 na ciwon dajin ƙoda mafi yawa ga manya. A 2013 Cigall Kadoch da Gerald Crabtree na Jami'ar Stanford a Amurka suka tattara bayanan da ke akwai, suka lissafa cewa kusan kashi 20 bisa 100 na dukan ciwon dajin ɗan Adam akwai ɓarna a ɗaya daga cikin 'yan wannan ƙungiya guda. Ɗaya bisa biyar ke nan. Har histon ɗin kansa bai tsira ba: a 2012 ƙungiyar Nada Jabado a Kanada da ta Suzanne Baker a Amurka suka gano cewa a yawancin yara masu ƙarin tushen ƙwaƙwalwa, akwai canjin tubali ɗaya a wuri na 27 na histon H3, wanda daga baya aka gane yana gurgunta furotin mai buga hatimin rufewa, har hatimin ya goge a kusan ko'ina cikin cibiyar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan canji cikin sunan cutar kanta. Daga ranar, sunan wasu cututtuka ya daina dogara ga kamannin nama kaɗai, ya koma ga halin da kuromatin ke ciki.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan talakan Giwa ko na Gwaram da wannan? Ai sai a ce magana ce ta ƙasashen da ke da injin karanta gado a kowane asibiti. A nan ne fa aka yi wa ilmin nan gurguwar fahimta. Gaskiya ne a Jamus an yi nisa. A 2018 masana na Heidelberg suka fito da hanyar rarrabe ƙarin ƙwaƙwalwa ta karanta hatiman da ke jikin zaren gado, kuma da suka gwada ta a kan sababbin majiyyata sai ta canja sunan cutar wajen 12 cikin kowane 100. Wannan aiki yana bukatar injuna masu tsada. Amma mafi yawan amfanin da asibitocin duniya ke samu yau da kullum daga ilmin kuromatin ba ta wannan hanya yake zuwa ba. Ta hanyar rini yake zuwa. Akan ɗauki ɗan naman da aka daskarar cikin kaki, a yanko shi siriri a shimfiɗa a kan gilashi, a ɗiga masa wani sinadari da ake kira antibodi wanda ba ya kama komai sai furotin guda da aka yi shi dominsa. In furotin ɗin na nan, cibiyar ƙwayar sai ta yi ruwan ƙasa. In ba ya nan, sai ta zauna ba launi. Madubin da ɗalibin aji biyu ke amfani da shi ya isa a karanta sakamakon.

Bari mu ga abin da ɗigo ɗaya na wannan sinadari ke rabawa. Yaro mai kumburin ƙoda, galibi abin da ake zato shi ne ƙarin Wilms, wanda a ƙasashe masu hali kusan 9 cikin 10 na yaran da suka kamu ke warkewa. Ƙarin rabdoid na ƙoda kuwa, wanda Beckwith da Palmer suka fara bambanta shi a 1978, ya fi wancan mugunta nesa ba kusa ba, maganin da ke warkar da Wilms kuma ba ya isarsa. Haka nan a ƙwaƙwalwar jarirai, shekara da shekaru ana rikita rabdoid da wani ƙari mai kama da shi, har aka fara amfani da rinin INI1 wajen 2004. In rinin bai kama cibiyoyin ƙarin ba, an san da wa ake faɗa. Ga kuma misalin da ya fi kusa da sa'o'inmu. Akwai wani ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi da kan kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, sau da yawa a kusa da gwiwa. Yawanci kankare shi ake yi a cike ramin, mutum ya tashi da ƙafarsa. Amma wani lokaci yakan yi kama da mugun ciwon dajin ƙashi, wanda maganinsa ƙwayoyi masu zafi ne da yanke ƙashi mai yawa, ko ma ƙafar duka. A 2013 aka gano cewa fiye da kashi 90 bisa 100 na ƙarin nan mai manyan ƙwayoyi suna ɗauke da canji a wuri na 34 na histon H3, yanzu kuma akwai antibodin da ke nuna canjin. Idan aka haɗa shi da hoton ƙashin da abin da ido ya gani a madubi, likita na iya yanke shawara da ƙafar saurayi a kan hujja. Ba mu san wani abu da za a saya da kuɗin jama'a wanda ya fi wannan riba ba.

Akwai kuma wata cuta da ta shafe mu kai tsaye, ko da yake ba a ƙasarmu aka fara ba ta suna ba. A 1995 waɗansu likitoci uku na cibiyar binciken nama ta sojan Amurka a Washinton, Davis da Mostofi da Sesterhenn, suka ba da labarin majiyyata 34 da suka tara cikin shekara 22, matasa ne, masu wani mugun ciwon daji a can tsakiyar ƙoda, kuma kusan dukansu jininsu na da alamar sikila. Abin lura shi ne mafi yawan masu kamuwa da shi ba masu ciwon amosanin jinin ba ne, masu ɗauke da rabin gadon ne, watau waɗanda takardar gwajinsu ke cewa AS. Daga baya aka tabbatar cewa alamar wannan ciwo ita ce ɓacewar SMARCB1, furotin ɗin nan na ƙarin jarirai. Ya fi kama maza, ya fi son ƙodar dama, yakan fara da fitsarin jini da ciwon kwiɓi, kuma magungunan zamani da ake ba masu ciwon dajin ƙoda na yau da kullum ba su cika yi masa aiki ba. Wani haɗin dabam yake bukata, da gaggawa. Kada kowa ya firgita, cutar ba ta da yawa ko kaɗan, cikin dubban masu AS da ƙyar a sami ɗaya. Amma a duba lissafin. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin 4 ko 5 yana ɗauke da rabin gadon sikila, babu wata ƙasa a duniya da ta kai mu yawan irin waɗannan mutane. A ƙauyukanmu kuwa saurayin da ya yi fitsarin jini kowa zai ce tsargiya ce, kuma sau da yawa tsargiyar ce. To wanda aka ba maganin tsargiya bai warke ba, aka ɗauki hoto aka ga ƙari, aka cire ƙodar, wa zai faɗi sunan cutarsa in babu rinin INI1 a kusa? Ya zama abin kunya a ce kusan duk abin da duniya ta sani game da wannan cuta an koyo shi ne daga jikokin 'yan Afirka da ke Amurka, alhali tushen gadon yana nan gida.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa muka ce maganar ta kasafin kuɗi ce. Mai karatu ya lura cewa a misalai da dama da muka kawo, rashin launi ne ke nuna cuta. Wannan kuwa shi ne haɗarin aikin. Abubuwa biyu ke hana cibiya shan rini: ko dai furotin ɗin ya ɓace da gaske, ko kuwa aikin ne ya lalace. Antibodi yana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 dare da rana; in firij ya kwana biyu ba wuta a watan bazara, abin da ke cikin kwalbar ya zama ruwan banza, amma ido ba zai gane ba. Naman kansa ya kamata ya shiga fomalin mai ƙarfin kashi 10 bisa 100 cikin awa guda da cire shi, ya sha isasshe, kada kuma ya yi makonni a ciki. Mun san yadda abin kan kasance a wurare da yawa: a yi tiyata a asibitin ƙaramar hukuma, a jefa naman cikin kwalba da fomalin da aka sirka da ruwa har ya salance, ko ma ruwan gishiri, a danƙa wa ɗan'uwan majiyyaci ya nufi tasha da shi. Kafin ya tara kuɗin mota da na gwaji mako ya zagayo. Irin wannan nama ba zai sha rini ba ko da furotin ɗinsa cikakke ne. Ƙwararren likita yana da hanyar kare kansa, domin a kowane gilashi akwai ƙwayoyi lafiyayyu, kamar na bangon jijiyar jini, waɗanda lalle su sha rinin. In su ma ba su sha ba, ya san aikin ne ya ɓaci, sai ya ƙi ba da sakamako. Amma ƙin ba da sakamako ba ya warkar da kowa. Watau dai binciken da aka yi a Faris da Stanford, in ya iso gare mu, makomarsa tana hannun mai sayen man janareta da mai auna fomalin a sito.

Ga shi kuwa tsarin kasafinmu ya fi son abin da ake gani. Gini da babban inji suna shiga babin manyan ayyuka, akwai kwangila, akwai allon marmara mai ɗauke da suna. Antibodi da fomalin da gilashi da kaki suna babin kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara datsewa in aljihun gwamnati ya yi sanyi. Daɗin daɗawa, daga waje ake sayo antibodi da kuɗin ƙetare, yana da ranar lalacewa, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Akawun da bai san aikin ba, in ya ga an nemi maƙudan kuɗi don 'yar kwalbar da ba ta cika cokali ba, jan biro zai sa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ba a taɓa yi masa bayani ba ne. Shi ya sa muke yin bayanin a nan, tun kafin ya zama babban sakatare.

Ba mu manta da masu wata hujja mai nauyi ba. Za su ce ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 Nijeriya ta sami sababbin masu ciwon daji kimanin 128,000, kusan 80,000 kuma suka rasu, mafi yawansu kuwa na mama ne da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza da na hanji da na hanta, yawanci sun zo asibiti bayan aikin gama ya gama. Ashe ba rigakafi da wayar da kai ya kamata a sa gaba ba? Mun yarda ƙwarai. Allurar rigakafin ciwon hanta da ta shiga jerin alluran yara a 2004, da ta ciwon dajin bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a 2023, za su ceci rayuka fiye da duk rinin duniya. Sai dai rigakafi ba ya yi wa wanda ya riga ya kwanta magani. Kuma firij ɗin da zai ajiye rinin INI1 shi ne dai zai ajiye rinin da ke nuna ko ciwon maman wata baiwar Allah zai ji maganin da ake haɗiya a gida mai sauƙin kuɗi, ko ba zai ji ba. Ɗaki ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya, fomalin ɗaya. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, da cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa wadda ta kama aiki a 2023, duk kuɗin da za su kashe a kan magani yana tsaye ne a kan takardar da ta fito daga wannan ɗaki. In takardar ta yi kuskure, an sayi guba mai tsada an ɗura wa mutum a banza.

Kada kuma a ruɗe mu da tallan sababbin magunguna. Hankali ya ba da cewa tun da lalacewar hatimi ce, ba lalacewar rubutu ba, ana iya gyara ta, kuma an gwada. An amince da azasitidin a Amurka a 2004 don wata cutar ɓargo, da borinostat a 2006 don wani ciwon daji na fata. A 2020 aka amince da tazemetostat don wani ƙarin nama wanda shi ma SMARCB1 ne ya ɓace masa, amma cikin majiyyata 62 da aka gwada shi a kansu, kashi 15 bisa 100 ne kawai ƙarinsu ya ragu sosai. A 2024 an sami rebumenib don wani nau'in sankarar jini. Ci gaba ne, ba mu raina ba, amma tafiyar hawainiya ce, farashinsu kuwa ya fi ƙarfin albashin kowane ma'aikaci da ke karanta wannan mujalla. A yanzu ilmin kuromatin ya fi ƙarfi wajen faɗin sunan cuta bisa ga warkar da ita, kuma sashen nan da ya fi ƙarfi shi ne mai araha. Ƙasa mai ƙaramin aljihu ta san inda za ta fara.

Saura maganar mutane. Wani nazari da aka buga a 2013 ya nuna cewa a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara likitan binciken nama ɗaya ne ke ɗauke da mutum fiye da rabin miliyan. A nan laifin har da namu. Ɗalibin likitanci in an tambaye shi abin da zai ƙware a kai, sai ya ce tiyata ko haihuwa ko zuciya. Binciken nama kuwa ana yi masa kallon aikin gawa, aikin wanda ba ya son ganin mutane, aikin da ba a buɗe asibitin kuɗi da shi. Masu fasahar ɗakin gwaji, waɗanda hannunsu ne ke yanka naman ya fi fatar albasa siranta, su ma ba a cika tuna su ba sai an tashi neman wanda za a ɗora wa laifi. Alhali kuwa tarihin binciken ciwon daji a ƙasar nan daga irin wannan ɗaki ya faro. Likitan binciken nama ne, George Edington, ya kafa rajistar ciwon daji ta Ibadan a 1960, a Ibadan ɗin ne kuma Victor Ngu ya yi aikin maganin ƙarin muƙamuƙin yara da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972. Ƙwayar cutar Epstein-Barr da ke da hannu a wannan ƙari, yanzu an san tana aron masu buga hatimin rufewa ne ta kulle fayilolin da za su hana ƙwaya hayayyafa. Tambayoyin suna nan a gabanmu, naman da za a amsa su da shi kuma yana jibge cikin kaki a sitocin asibitocinmu.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin jihohinmu ba. Ba lalle ne kowane asibiti ya ajiye antibodi iri 100 ba, yin haka ma ɓarna ce, don za su lalace kafin a yi amfani da su. Naman da aka riga aka daskarar cikin kaki ba ya bukatar sanyi, ɗan ƙullin bai fi kwalin ashana ba, ana iya aika shi daga Nguru ko Yawuri cikin ambulan. Saboda haka jihohin da ke maƙwabtaka su haɗa kuɗi su tsayar da ɗaki ɗaya ko biyu cikakku a manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da firij mai aiki da hasken rana irin wanda aka raba don alluran rigakafi, a ba su nasu layin kasafi da ba a taɓawa. Kowane asibitin da ake tiyata a cikinsa kuma a tabbatar yana da fomalin na gaskiya, da motar da ke zagayawa ranar da aka sani ta kwashi samfur, domin a daina danƙa wa ɗan'uwan majiyyaci kwalba a ƙofar ɗakin tiyata.